Fangali Ɗaya a Bayan Ɗaki: Nasiha ga Matasan Maruta

Ƙannena samari da 'yan mata na Maruta, da na Gwaram, Sara, Basirka, Kila har zuwa Birnin Kudu.

Maganar da nake so mu yi yau ta ganyen miya ce. Na san wasunku za su ce abin ya yi ƙanƙanta a ɓata masa tawada, alhali ga rashin aikin yi, ga tsadar taki, ga kuɗin makaranta. Ku yi haƙuri ku saurare ni. A yawancin gidajenmu akwai ɗan fili a bayan ɗaki ko gefen rijiya, inda ake jibge fasassun tukwane da tsofaffin robobi. Ruwan alwala yana malala a wurin sau biyar a yini, na wanke shinkafa da wake ma can yake ƙarewa, amma ba abin da ke tsirowa sai ciyawa. A wannan gida dai, idan rani ya yi nisa, sai a yi mako guda tuwo yana tafiya da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ɗanyen ganye sai ranar kasuwa, shi ma in akwai kuɗi. Gyara wannan aikinku ne, don ku ke da ƙarfin haƙa da ɗaukar ruwa, ku ne kuma kuka iya karanta abin da aka rubuta a bayan fakitin iri.

Ba ƙaramar magana ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jigawa fiye da kashi 60 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, yayin da a Najeriya baki ɗaya adadin yake kashi 37. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum. Ganye kaɗai ba zai warkar da wannan ciwo ba, akwai batun ruwa mai tsabta, da nono, da ƙwai, da wake, da asibiti. Amma cikin duk waɗannan, ganye ne abin da ɗan shekara goma sha biyar zai iya samar wa gidansu da hannunsa cikin kwana arba'in, ba tare da ya jira kowa ba. A Bangaladash, tun shekarun 1980 ƙungiyar Helen Keller International ta lura cewa dundumi ya fi yawa ga yaran gidajen da ba su da lambu, sai ta shiga koya wa mata shuka ganye a tsakar gida, aikin ya kai ga dubban ɗaruruwan gidaje. Filayen gidajensu ba su kai namu ba.

Ina so in gabatar muku da wasu ganyayyaki daga nahiyar Asiya, kuma kada sunan ya sa ku ja baya. Zogalen da ke jikin katangar gidanku asalinsa arewacin Indiya ne, daga gindin tsaunukan Himalaya. Yau ku je Jiratawa kusa da Maraɗi ku ga gonakinsa, buhu-buhu ake fitar da ganyen zuwa kasuwanni, kuma ba Bahaushen da zai yarda cewa kwaɗon zogale abincin wasu ne. Darbejiyar da muke hutawa a inuwarta ita ma daga yankin Indiya ta fito, a shekarun 1920 aka fara dasa ta a Borno. Mangwaro ma can ne mahaifarsa. Tumatur, attaruhu, masara, gyaɗa da rogo daga nahiyar Amurka suka zo, kabeji da latas kuwa a zamanin Turawa suka yaɗu a lambunanmu. Duk wanda ya zauna da gindinsa a cikin waɗannan, wani manomi ne ya fara gwada shi a ƙaramin wuri har ya gano lokacinsa, wata uwargida kuma ta gano yadda za ta sarrafa shi a tukunya. Wannan shi ne aikin da nake kiran ku gare shi.

Ga jigon nasihata: kowane ganye da lokacinsa. Namu na gida, wato alayyahu, rama, yakuwa, lalo da tafasa, 'ya'yan zafi ne da damina. Daga Yuni zuwa Satumba ba sa bukatar lallashi. Da zarar hunturu ya sauka, dare ya yi sanyi, yini ya gajarta, sai alayyahu ya yi nawa wajen girma, rama da yakuwa su ruga su yi fure, zogale ya kakkaɓe ganyensa in ba ya samun ruwa. A daidai wannan giɓin ne ganyen baƙi yake da amfani. Ban ce ku tuge alayyahu ku dasa na Sin ba. Cewa na yi ku haɗa su, don lambun ya kasance kore wata goma sha biyu.

Na farko shi ne wanda za ku ga an rubuta pak choi ko bok choy a jikin fakiti. Ɗan'uwan kabeji ne daga ƙasar Sin, amma ba ya dunƙulewa. Ganyensa kore ne shar mai faɗi, ƙafarsa fara ce mai kauri da ruwa, tana ƙaras-ƙaras a baki. Yana son yanayi tsakanin digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas, wato hunturunmu ke nan. Ku shuka shi daga farkon Nuwamba zuwa farkon Janairu. Cikin kwana 40 zuwa 50 ya isa ci, ya riga kabeji da kusan wata guda ko fiye. In kuka kai shi Maris ko Afrilu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40, zai tsaya da girma, ya fitar da doguwar sanda mai rawayan fure, ganyen ya yi ɗaci. A nan nake so masu waya su yi hattara. Mai bidiyo a Ingila ko Amurka zai ce a shuka shi a watan Afrilu, kuma gaskiya ya faɗa, don a lokacin ne ƙasarsu ke fita daga ƙanƙara. Wanda ya bi shi a Maruta ya ƙona irinsa. Ku ɗauki dabarar hannu daga bidiyo, amma lissafin wata ku ɗauke shi daga tsofaffin 'yan lambu na bakin kogin Gwaram, waɗanda suka san ranar da ake yafa irin kabeji da latas. Duk ranar da suka yafa nasu, ku yafa naku.

Na biyu shi ne kangkong, ganyen da mutanen Filifin, Indonesiya, Malesiya da Biyetnam suke ci kusan kullum. Dangin dankalin Hausa ne, yana yaɗo, karansa yana da rami a ciki, ganyensa dogo ne mai tsini kamar bakin mashi. Shi zafi da ruwa yake so, saboda haka nasa lokacin bazara ne da damina, muddin ƙasarsa ba ta bushe ba. Wurin da ruwan alwala ke taruwa ya dace da shi. A jiƙa irin kwana guda kafin a shuka, ko a yanko karan mai tsawon taƙi guda a soka a danshi, zai yi saiwa cikin 'yan kwanaki. Bayan mako huɗu a yanke shi, a bar gaɓa biyu a ƙasa, cikin mako biyu ya sake tofowa. Haka za a yi ta yanka watanni. Sai dai ku kiyaye abu ɗaya. A bakin tafkunanmu akwai duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi, shi ma dangin dankali ne, furensa ya yi kama da na kangkong, amma yana da guba, makiyaya sun san yadda yake sa awaki da tumaki rawar jiki da tangaɗi. Ganyen duman kada zagayayye ne mai kauri. Kada kowa ya tsinko ganye a bakin kududdufi ya ce kangkong ne. Ku nemi iri daga mai sayar da iri, kuma ku riƙa dafa shi kafin ci.

Na uku shi ne alayyahun Malabar, wanda ya samo sunansa daga gaɓar tekun kudu maso yammacin Indiya. Yarabawa sun daɗe da saninsa, suna kiransa amunututu. Yana hawa danga ko zana, ganyensa mai kauri ne da santsi, in an dafa yana ɗan yauƙi, don haka bakin da ya saba da lalo da karkashi ba zai ƙi shi ba. Ƙwayar irinsa tana da tauri, sai an jiƙa, kuma takan yi mako biyu ko uku kafin ta tsiro. Bayan wata biyu sai a fara tsinka. Tushe huɗu a jikin danga sun ishi ƙaramin gida. Idan ya tsufa yana yin 'ya'ya baƙaƙe masu jan ruwa, a shanya su a ajiye, irin baɗi ya samu.

Yanzu ga aikin. Kafin iri, shinge. Duk wanda ya shuka ganye a gidan da ke da kaji da awaki bai killace ba, dabbobi ya noma wa. Karan dawa ya isa a yi darni, tsohon gidan sauro kuma yana tare 'yan tsaki da ƙadangaru. A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini, nesa da masai da kwatar wanka. A ja fangali mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita uku, yadda hannu zai kai tsakiyarsa ba a taka ciki ba. A kaftu ƙasa da fartanya har zurfin taƙi guda, a tsince duwatsu da leda, a zuba bokiti biyu ko uku na ruɓaɓɓen taki, kashin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya huce tukuna. A gauraya, a jiƙa, a bar shi mako guda. Da rani fangalin ya zama mai ɗan zurfi don ya riƙe ruwa, da damina a ɗaga shi kamar kunya don kada ruwa ya kwanta. Gidan da aka shafe da siminti kuwa, buhun taki ko tsohon baho da aka huda ƙasansa ya wadatar: kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki.

Irin pak choi ƙanana ne ƙwarai, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta. A rene su a tsohon kwano ko gefen fangali, zurfin bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, a rufe da ƙasa mai laushi, a yayyafa ruwa da gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa don kada ruwan ya tone su. Cikin kwana huɗu ko biyar za ku ga ganye biyu ƙanana masu ɗan tsagi a tsakiya sun ɗago ƙasa. Idan suka yi mako biyu zuwa uku, suka fitar da ganye huɗu na gaske, sai dashe. A jiƙa renon tukuna, a ɗago kowane tsiro da cokali tare da ƙasar saiwarsa, a dasa da yamma bayan la'asar, taƙi guda tsakanin tushe da tushe. Washegari da rana za ku ga sun langaɓe sun kwanta, kada hankalinku ya tashi, ku kafa musu ɗan reshe mai ganye ya yi musu inuwa, kwana biyu za su miƙe. Kada ku shuka fakitin duka rana ɗaya. Ku yafa kaɗan yau, kaɗan bayan mako biyu, don kada su nuna gaba ɗaya gidan ya rasa yadda zai yi da su, bayan nan kuma a koma babu.

Batun ruwa shi ne ke karya gwiwar yawancin masu farawa, alhali bai kai yadda ake zato ba. Fangali irin wanda na kwatanta, jarka ɗaya mai lita 25 ta ishe shi a yini da hunturu, rabi da safe rabi da yamma. Da bazara sai an ƙara. A lulluɓe ƙasa da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don iskar hunturu kada ta shanye danshin, a riƙa dubawa saboda gara. Ruwan alwala, na wanke hatsi da na wanke kayan miya duk suna da kyau. Ruwan wanki mai omo, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, yana kashe ƙasa sannu a hankali, a kai shi wani wurin. Ruwan kwata kuwa kada ya kusanci ganyen da yara za su ci.

Sai ƙwari. Da sanyin safiya ake kama fara, haka ma tsutsa. Kowace safiya bayan sallah ku tsuguna ku juya ganyen pak choi ku duba bayansa. In kun ga ƙananan tagogi, an cinye naman ganye an bar siririyar fata, ku ƙura ido za ku ga 'yar koriyar tsutsa da ba ta kai tsawon farce ba. Da kun taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya, ta faɗo tana reto da zare. Ita ce babbar abokiyar gabar duk dangin kabeji, kuma ta yi ƙaurin suna a duniya wajen saurin sabawa da maganin feshi. A fangali ɗaya hannu ya fi magani, a murtsuke ta kawai. In darɓa ta taru a ƙarƙashin ganye, ganyen ya nannaɗe yana danƙo, ga darbejiya nan a ƙofar gida. A daka busassun 'ya'yanta kimanin giram 50, wato cikin tafin hannu guda mai kyau, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace da tsumma, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako guda. A daina kwanaki kaɗan kafin tsinka, a wanke sosai saboda ɗaci. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku fesa fiya-fiya ko maganin ajiyar wake a ganyen miya. Ganyen da aka fesa yau aka ci gobe guba ce a cikin kwanon ƙannenku. In ta kama dole a yi amfani da maganin kanti, ku nemi malamin gona na hukumar aikin gona ta Jigawa, wato JARDA, ya faɗa muku wanne ne da kuma kwana nawa za a jira. Bayan an girbe pak choi, a sa alayyahu ko albasa a wurin, kada a maimaita dangin kabeji a jere.

Ku 'yan mata, rabin nasarar tana hannunku, don ganyen da bai shiga tukunya da daɗi ba, ba wanda zai sake shuka shi. Pak choi ba ya son doguwar dahuwa. A fara zuba fararen ƙafafun, bayan minti biyu a zuba koren, bayan wasu biyu a sauke. Yana shiga dafa-duka, fate, miyar taushe da taliya. In an sulala shi aka matse, yana karɓar ƙuli-ƙuli da albasa da tumatur kamar zogale. Kangkong a soya shi sama-sama da albasa, tafarnuwa, attaruhu da ɗan daddawa. Alayyahun Malabar a sa shi a miyar yauƙi. A rage kanwa, don tana lalata wasu sinadaran ganye. A sa ɗan mai ko gyaɗa, don da maiƙo ne jiki ke iya ɗaukar bitamin A mai kare ido. A matsa lemun tsami, yana taimakon jiki ya sha sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shayi kuwa a jinkirta shi bayan cin abinci, don yana tare shi. Ku fara da haɗa sabon ganyen da wanda aka sani, rabi da rabi, har bakin Baba ya saba.

Na san tambayar da ke ran samari: akwai kuɗi a ciki? Gaskiya ita ce, yau a kasuwar Sara ba za ka sami mai neman pak choi ba. Masu sayensa suna manyan birane kamar Kano da Abuja, gidajen abincin 'yan Sin da manyan otal, kuma ganye ne da ke yaushi cikin yini ɗaya ko biyu. Kada wani ya ci bashi ya cika kadada da shi saboda ya ji labari a Facebook. Gida ya fara ci, maƙwabta su ɗanɗana, wanda ya ji daɗi ya dawo da kuɗinsa. Ribar farko ita ce kuɗin cefanen da bai fita ba. Riba ta biyu ta fi wannan girma, ita ce ilimin da hannu ya samu. Wanda ya iya renon iri, dashe, haɗa taki da gane ƙwaro a mita uku, shi ne gobe zai iya riƙe lambun tumatur ko albasa a fadama ba tare da ya yi asarar jari ba. Noman kayan lambu ilimi ne da ake kafa cibiyoyi dominsa. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya an kafa ta a Taiwan a 1971, tana da reshe a Bamako. Cibiyar NIHORT da aka kafa a Ibadan a 1975 tana da tasha a Bagauda ta jihar Kano. Simon Groot, wanda ya kafa kamfanin iri na East-West Seed a Filifin a 1982, ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 2019 saboda samar wa ƙananan manoma ingantaccen irin kayan lambu, kuma malaman kamfanin suna koyar da manoma a Kano da Kaduna. Sana'ar da ake girmamawa haka a duniya ba abin kunya ba ce ga ɗan sakandare ko mai digiri.

Wajen sayen iri, ba kowane shago ke da waɗannan ba, sai an tambaya a manyan shagunan iri na Kano ko Jos. Ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi fakiti ɗaya, don ƙwayoyin da ke ciki sun fi ƙarfin gida guda. Ku duba ranar ƙarewar aiki, ku guji fakitin da ya sha rana a kan tebur. In kun ga an rubuta F1, irin aure ne, zai yi kyau a shukar farko, amma 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba, saboda haka ba a ajiye irinsa. Ragowar iri a sa a kwalba mai murfi a ajiye a ɗaki mai sanyi. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar shuka, ranar dashe, ranar tsinka da abin da ya faru. Bayan shekara biyu, wannan littafin zai fi kowane bidiyo sanin ƙasar Maruta.

Za a yi asara. Wata rana akuya za ta ɓalle, wata rana tsiro zai ruɓe saboda yawan ruwa, wani ma zai yi muku dariya. Sannu ba ta hana zuwa. Malamanmu sun karantar da mu cewa duk shukar da Musulmi ya yi, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, an rubuta masa ladan sadaka, don haka ko abin da akuyar ta cinye bai tafi a banza ba. A gyara dangar a sake yafawa.

Ƙannena, kada ku jira shirin gwamnati ko na wata ƙungiya. Ku nemi izinin iyaye, ku tara taki tun damina, ku kafa danga a watan Oktoba, ku yafa iri a farkon Nuwamba. Wanda nasa ya yi kyau ya ba maƙwabcinsa tsiro goma, ya kuma tsuguna ya nuna masa yadda ake dasawa. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa hannuwanku yalwa, ya ba iyayenmu da ƙannenmu lafiya.